Yadda Ake Raba Yaro da Famfas Ba Tare da Rigima Ba

Abin da iyaye ke kira koya wa yaro fo ayyuka uku ne, kuma kowanne da lokacinsa. Akwai riƙe fitsari da rana, akwai yin kashi a fo, akwai kuma kwana ba a jiƙa shimfiɗa ba. Biyun farko ana koyar da su. Na ukun jiki ne ke kawo shi idan ya nuna, ba wanda ke iya koyar da shi. Yawancin rigimar da ake yi da yara a kan wannan al'amari daga cakuɗa ukun nan take tasowa. Uwa za ta ga ɗanta ya daina jiƙa wando da rana, sai ta ɗauka fitsarin kwancen da yake yi ganganci ne.

A cikin ukun kuwa, wanda aka fi rainawa shi ya fi ɓata aiki, wato kashi. Yaron da kashinsa ke fita da tauri ba zai karɓi fo da sauƙi ba, kowace irin dabara aka yi masa. Za mu daɗe a kan wannan idan mun zo wurin.

Abin da ke faruwa a jikin yaro

Jariri ba ya riƙe fitsari. Da zarar mafitsararsa ta ɗan cika sai ta matse da kanta, shi ya sa a makonnin farko yakan yi fitsari har kusan sau 20 a kwana guda. Kafin ya iya zuwa fo da kansa sai abubuwa da dama sun haɗu. Mafitsara ta girma ta yadda za ta tara fitsari. Jijiyoyi su riƙa sanar da ƙwaƙwalwa cewa ta cika. Yaron ya iya matse tsokar da ke tsare da ƙofar fitsari har ya isa fo, sannan ya iya sakinta da gangan. Wannan na ƙarshe shi aka cika mantawa da shi. Yara da yawa sukan iya riƙewa kafin su iya sakewa. Shi ne dalilin da za ku ga yaro ya zauna a fo minti biyar bai ɗiga ko kaɗan ba, yana tashi sai ya tsula a tsakar ɗaki. Lokacin da yake zaune ana kallonsa jikinsa a ɗaure yake, da ya miƙe hankalinsa ya koma kan wasa sai tsokar ta saki. Babu taurin kai a ciki.

Likitocin mafitsara na yara suna da lissafin da suke ƙiyasta yawan fitsarin da mafitsara ke ɗauka: a ƙara ɗaya a kan shekarun yaro, a ninka sau 30, abin da ya fito shi ne adadin mililita. Ɗan shekara 2 ke nan mililita 90, ɗan shekara 4 kuma mililita 150. Mililita 90 ko rabin kofi bai kai ba. Idan kun ba yaro ɗan shekara biyu kofi guda na ruwa ya shanye, ku sa ran fitsari kafin awa ta cika.

Yaushe za a fara

Yawancin yara sukan shirya tsakanin wata 18 da shekara 3. A 1962 wani likitan yara ɗan Amurka, T. Berry Brazelton, ya wallafa sakamakon bibiyar yara 1,170 da aka bi da su a hankali ana lura da shirinsu, ya samu cewa a matsakaici sun gama koyon na rana a wajejen wata 28. Wani binciken da aka yi a birnin Filadelfiya na Amurka aka wallafa a 2003 ya nuna cewa matsa wa yaro horo kafin ya kai wata 27 bai sa ya gama da wuri ba, tsawon watannin da aka kwashe ana fama ne kawai ya ƙaru. Duk da haka, jira har yaro ya wuce shekara uku shi ma yana da wahalarsa, domin a lokacin ya saba da famfas sosai, kuma bakinsa ya buɗe da gardama.

Wasu iyayen sukan fara ɗora jariri a fo tun yana da 'yan watanni, su riƙe shi bayan ya sha nono ko ya tashi daga barci. Ba laifi a yi hakan matuƙar ba a tilasta masa, kuma yana rage wanki. Sai dai a san cewa a wannan matakin uwar ce ta gane lokacin ɗanta. Shi yaron bai kai ga riƙewa ba tukuna, don haka kada a yi masa faɗa ranar da lissafi ya kuskure.

Alamar da ta fi kowace ƙarfi ita ce famfas ya zauna a bushe na awa biyu, ko yaro ya tashi daga barcin rana bai jiƙa ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ku saka ɗan ƙyalle ko tishu a cikin famfas ɗin, ku riƙa dubawa duk bayan awa ɗaya na kwana biyu ko uku, kuna rubuta lokacin da ya jiƙe da lokacin da ya yi kashi. Wannan takardar za ta yi muku amfani daga baya, domin ita za ta nuna lokutan da ya kamata a kai shi fo. Sauran alamomin su ne yaro ya iya tafiya da zama da tashi ba taimako, ya fahimci umarni gajere kamar "ɗauko takalminka ka kawo", ya riƙa jan famfas idan ya ɓaci, ya dakata da wasa ko ya laɓe bayan ƙofa idan zai yi kashi. Ba sai duka sun cika ba, kuma ba sai ya iya magana sosai ba. Yaron da ke iya nuna fo da yatsa ya isa a fara da shi. Yaran da ke da jinkirin magana ko na fahimta wataƙila ba za su nuna waɗannan alamomi a fili ba. Su ma matakan ɗaya ne, sai dai a bi a hankali, a tsayar da lokuta, a yi amfani da hotunan da ke nuna abin da ake yi ɗaya bayan ɗaya.

Kada a fara a makon da aka yi masa ƙani, ko ake ƙaura, ko aka canja mai reno, ko yana fama da rashin lafiya. A nemi lokacin da babba ɗaya zai samu kwana uku zuwa huɗu yana gida tare da shi.

Kayan aiki da share fage

Ana buƙatar fo mai faɗin gindi wanda ba ya tangaɗi, wanda idan yaro ya zauna tafin ƙafarsa zai taka ƙasa sosai. Idan masai na zama za a yi amfani da shi, a ɗora masa ƙaramin mazauni na yara, a kuma ajiye ɗan benci da zai taka. Wannan bencin ba ado ba ne. Yaron da ƙafafunsa ke lilo a sama yakan matse cinyoyi don kada ya faɗa, kuma matsewar nan ita ke rufe hanyar kashi. Zaman da ya fi dacewa shi ne gwiwoyi su ɗan ɗara ƙugu tsawo, ƙafafu a ware kaɗan, jiki ya ɗan sunkuya gaba. Masai na tsuguno yana ba da wannan yanayin, amma raminsa yana tsorata ƙananan yara kuma ƙafarsu na iya zamewa, don haka a fara da fo.

A tanadi kamfai kamar guda goma, da wanduna masu roba a ƙugu waɗanda yaro zai iya ja ƙasa da hannunsa. Tufafi masu maɓalli ko bel ko zif a ajiye su zuwa gaba, domin daga lokacin da yaro ya ce zai yi fitsari zuwa lokacin da zai zubo, wani sa'in ko rabin minti ba ya kaiwa.

Mako ɗaya ko biyu kafin a cire famfas, a ajiye fo inda yake ganinsa. A bar shi ya zauna a kai da kayansa. A riƙa canja masa famfas a banɗaki yana tsaye, a juye kashin a masai yana kallo, a ce masa "nan ne wurin kashi". Ku zaɓi kalma ɗaya ta fitsari da ɗaya ta kashi, kowa a gidan ya riƙa amfani da su. Ku kuma daina toshe hanci ko cewa "ƙazami" idan kuna canja masa. Yaron da ya ji cewa abin da ke fita daga jikinsa abin kunya ne zai fara ɓoye shi, daga ɓoyewa kuma sai riƙewa.

Kwanakin farko

Ranar da aka fara, da ya tashi da safe a cire famfas ɗin dare a kai shi fo kai tsaye, a gaya masa cewa daga yau da rana kamfai zai riƙa sawa. Wasu sukan bar yaro ba wando a kwana ɗaya ko biyun farko don ya ga fitsarin da idonsa ya haɗa shi da abin da ya ji a mararsa. Dabara ce mai kyau idan babu sanyi kuma daɓen mai saurin gogewa ne.

Lokutan kai shi fo su ne bayan tashi daga barci, minti 20 zuwa 30 bayan cin abinci, kafin fita, kafin kwanciya, da kuma duk bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu a tsakani. Na bayan abincin yana da dalili: idan ciki ya cika, hanji yakan motsa ya tura abin da ke cikinsa ƙasa, kuma motsin ya fi ƙarfi bayan abincin safe. Kowane zama kada ya wuce minti uku zuwa biyar. Idan bai yi komai ba a ɗaga shi ba tare da nuna ɓacin rai ba, a sake gwadawa bayan minti 15 ko 20.

Kuskure biyu ake yawan yi a nan. Na farko shi ne tambaya. Idan kuka ce wa ɗan shekara biyu "kana jin fitsari?" amsarsa a'a ce, ko da yana rawa da ƙafafu. Ku ce "lokacin fo ya yi, zo mu je". Na biyu shi ne kai shi duk bayan minti 20 don gudun kada ya ɓata ɗaki. Hakan yana gundurar yaro har ya tsani fo, kuma ba ya barin mafitsara ta cika ballantana ya san yadda cikarta take. Haka nan ba shi waya ya yi ta kallo a kan fo na rabin awa: fitsarin zai zubo, amma bai san lokacin da ya zubo ba, bai koyi komai ba ke nan.

Yara maza su fara da zama. Idan aka fara musu da tsayuwa sukan iya fitsari su ƙi zama don kashi. Sai a nuna wa yaro ya tura gabansa ƙasa kafin ya saki.

Kada a rage masa ruwa don a rage wanki. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 yana buƙatar abin sha kusan mililita 900 a rana, ɗan shekara 4 zuwa 8 kuma kusan 1,200, a raba shi ƙananan kofuna shida zuwa takwas. Ƙarancin ruwa yana sa fitsari ya yi kauri ya riƙa damun mafitsara, yana kuma busar da kashi.

Zai jiƙa wando, sau da yawa ma a kwanakin farko. Idan ya fara a ƙasa ku ɗauke shi cikin natsuwa ku ɗora a fo ko da 'yan ɗigon ƙarshe ne za su faɗa ciki. Ku ce "fitsari a fo ake yi", ku canja masa, ku wuce wurin. Duka da tsawa suna koya masa abu ɗaya ne, cewa yin fitsari a gaban babba haɗari ne, sai ya koma laɓewa. Yabo kuma ya zama daidai wa daida, kuma a kan abin da ke hannunsa: ya zauna, ya faɗa, ya ja wandonsa. Idan aka cika shewa da tafi, wasu yaran sukan tsorata, wasu kuma su gane cewa sun samu abin da za su riƙa ja da iyaye a kansa.

Da an cire famfas na rana kada a riƙa mayar da shi yau a cire gobe. Famfas mai kama da wando yana tsotse fitsari kamar kowane famfas, yaro ba ya jin jiƙa, saboda haka a bar shi don barci da doguwar tafiya. A motar ma ana iya shimfiɗa tawul a kan leda a kujerarsa, a tafi da fo da kayan canji kala biyu. Idan an yi mako guda cur ana bin tsarin nan amma kusan duk fitsarin a ƙasa yake ƙarewa kuma yaron bai ma lura ba, ko yana kuka yana sandarewa da ya ga fo, a dakata. A mayar da famfas na wata ɗaya ko biyu ba tare da gori ba, sannan a sake.

Kashi, inda aiki ya fi tsayawa

Kafin a cire famfas ma ya kamata a duba yadda kashin yaro yake. Mai lafiya yana fita da laushi, ba nishi mai tsanani, ba kuka. Wani yaron sau biyu ko uku yake yi a rana, wani sai bayan kwana ɗaya, duka daidai ne idan da laushi. Akwai matsala idan bai kai sau uku a mako ba, ko yana fita ƙwaya-ƙwaya kamar kashin akuya, ko ya fito ƙato mai kauri da zafi, ko a ga ɗan jini a jikinsa. Idan akwai ɗaya daga cikin waɗannan, a gyara cikin tukuna kafin a kawo maganar fo.

Ga yadda abin ke ƙulluwa. Yaro ya yi kashi mai tauri sau ɗaya ya ji zafi, wataƙila har fatar dubura ta ɗan tsage. Gobe da ya ji kashi sai ya matse. Aikin babban hanji shi ne tsotse ruwa, don haka duk kwanan da kashi ya ƙara a ciki yana ƙara bushewa da girma. Ranar da ya fito dole, zafin ya fi na farko, sai yaron ya ƙara tabbatar da cewa riƙewa ce mafita. Iyaye sukan ga yaro ya miƙe ƙafafu, ya ɗaga dugadugansa, ya harɗe cinyoyi, ya riƙe kujera yana nishi, su ce yana ƙoƙarin yi ne ya kasa. Akasin haka ne, ƙoƙarin hana shi fita yake yi. Mai son yin kashi tsugunawa yake yi.

Idan aka ɗauki makonni a haka, ƙarshen hanji yakan buɗe ya saki saboda tarin da ke ciki, har yaro ya daina jin alamar kashi gaba ɗaya. Sai sabon kashi mai ruwa ya riƙa zagaye dunƙulen yana tsiyayowa cikin wando ba da saninsa ba. A nan ake tafka kuskure mafi muni: a ɗauka gudawa ce a ba shi maganin tsayar da ita, ko a ɗauka ƙazanta ce a doke shi. Yaron da ya ce bai san ya yi ba gaskiya ya faɗa, warin ma hancinsa ya saba da shi. Dunƙulen nan kuma yana danne mafitsara, sai a ga fitsari na yawan kubcewa da rana, fitsarin kwance ya ƙi ƙarewa, ko ciwon mafitsara ya riƙa dawowa.

Ruwa isasshe, 'ya'yan itatuwa, kayan lambu da guje-guje suna kare yaro daga shiga wannan hali. Madara kuma kada ta wuce kamar rabin lita a rana bayan shekara ɗaya, domin tana cika ciki ta hana cin sauran abinci. Amma idan cikin ya riga ya cushe, gyaran abinci kaɗai ba ya warware shi, sai an je wurin likita. Maganin da aka fi bayarwa shi ne makrogol, garin da ake damawa a ruwa wanda ke riƙe ruwa a cikin kashi ya tausasa shi. Wani lokaci a ba da laktulos, shi ma mai tausasa kashi ne. Yawanci mataki biyu ne. Da farko a ba da mai yawa na 'yan kwanaki don a kwashe tarin, kuma a kwanakin nan ɓata wando yakan ƙaru kafin ya ragu, kada hakan ya sa a tsaya. Daga nan a koma ƙaramin awo na kullum na tsawon watanni, har hanjin da ya buɗe ya koma girmansa, yaron kuma ya manta da zafin. Babban abin da ke dawo da matsalar shi ne iyaye su dakatar da magani da sun ga sauƙi a mako na biyu. A hankali ake janye shi, bisa shawarar likita. Kada a tura wa yaro sabulu ko wani abu a dubura, kada kuma a ba shi maganin wankin ciki na manya.

Tare da magani, a riƙa zaunar da shi minti biyar bayan abincin safe da na dare, ƙafafu a kan benci. A ba shi abin hurawa, kamar kumfar sabulu ko 'yar takarda a tafin hannu, domin hurawa tana tura ciki ƙasa ba tare da ya matse dubura ba.

Akwai kuma yaron da ke fitsari a fo lafiya lau amma kashi sai a famfas. Kusan ɗaya cikin yara biyar sukan bi ta wannan matakin. Idan ya roƙi famfas ku ba shi, domin hana shi yana nufin ya riƙe na kwana uku, kun kuwa ga inda wannan hanyar ke kaiwa. Sai dai a sa sharaɗi: a banɗaki za a yi. Bayan kamar mako guda, ya zauna a kan fo da famfas ɗin a jikinsa. Daga nan a sassauta maɗaurin, ko a huda tsakiyarsa, sannan a koma shimfiɗa shi a cikin fo, har a daina. Kada a wuce mataki sai ya saki jiki da wanda yake kai.

Tsarki da tsaro

Yarinya daga gaba zuwa baya ake wanke ta ko goge ta, domin hanyar fitsarinta gajeriya ce kuma kusa da dubura, ƙwayoyin cutar hanji suna saurin shiga. Yawancin yara ba sa iya tsarkin kashi da kyau sai sun kai shekara huɗu ko biyar, don haka a bar su su gwada, babba ya ƙarasa. Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 ya zama cikin aikin tun ranar farko. Kashin fo a juye shi a masai nan take, a wanke fo ɗin da sabulu. Kada a bar bokiti da ruwa a banɗaki inda yaro zai shiga shi kaɗai. Kan ƙaramin yaro yana da nauyi sosai idan aka kwatanta da girman jikinsa, idan ya leƙa ya kifa ciki ba ya iya fitowa, kuma ruwa kaɗan ya isa ya halaka shi.

Idan ya koma baya

Yaron da ya yi watanni a bushe yana iya komawa jiƙa wando idan aka yi haihuwa a gidan, ko ya shiga makaranta, ko ya tashi daga ciwo. Wani kuma wasa ne ke ɗauke masa hankali. A koma kai shi fo a kan lokaci na mako ɗaya ko biyu, a duba kashinsa, kada a mayar da famfas. Idan a makaranta abin ke faruwa, a tambayi yadda banɗakin yake da kuma ko ana barin yara su fita lokacin da suka nema, a gaya wa malamarsa kalmar da yake amfani da ita.

Wasu alamomin kuwa na asibiti ne. Kuka ko zafi wajen fitsari, fitsari mai wari ko jini, ko zazzaɓin da ba a ga dalilinsa ba, suna iya zama ciwon mafitsara. Yawan fitsari tare da ƙishirwa mai tsanani da rama da kasala na iya zama ciwon suga, wannan a ranar ake zuwa, ba a kwana. Haka nan yarinyar da kamfanta ba ya taɓa bushewa ko da ta yi fitsari yanzu, yaron da fitsarinsa ke fita siriri da ƙyar, wanda ƙafafunsa suka yi rauni ko tafiyarsa ta canja, da wanda ya kai shekara huɗu bai daina jiƙa wando da rana ba.

Dare

Abubuwa uku ke sa yaro ya kwana a bushe. Da dare ƙwaƙwalwa tana ƙara fitar da wani sinadari mai suna basofiresin da ke sa ƙoda ta rage haɗa fitsari. Mafitsara kuma ta iya ɗaukar abin da aka tara. Idan ta cika, barcin ya katse. Babu ko ɗaya a cikinsu da yaro ke da iko a kansa, shi ya sa horo da gori ba sa canja komai sai ƙara masa fargaba. Likitoci ba sa ɗaukar fitsarin kwance a matsayin matsala kafin shekara 5. A wannan shekarar ma kusan yara 15 cikin 100 suna yi, maza sun fi yawa, kuma kowace shekara kusan kashi 15 cikin 100 na masu yi sukan daina da kansu. Gado yana da hannu sosai: idan ɗaya daga cikin iyaye ya yi yana yaro, yiwuwar ɗansa ya yi ta haura kashi 40 cikin 100, idan su biyun ne ta kai wajen kashi 75.

A cire famfas ɗin dare idan ya yi kamar mako guda yana tashi da shi a bushe. A sa ledar kare katifa, a shimfiɗa zanin gado, a sake ɗora wata leda da wani zanin a sama. Idan ya jiƙa da tsakar dare sai a yaye na sama kawai a koma barci. Yawancin ruwansa ya sha da safe da rana, a rage a awa ta ƙarshe kafin barci, a kuma guji shayi da lemon kwalba mai sinadarin kafeyin (mai hana barci) da yamma. Ya yi fitsari lokacin shirin kwanciya, ya sake yi daf da rufe ido. A bar ɗan haske da fo kusa da gado. Ɗaga yaro cikin magagin barci a kai shi ya yi fitsari yana ceton zanin gado, amma ba ya koya masa komai, tunda a cikin barcin ya yi.

Idan ya wuce shekara biyar abin na damunsa, ko ya dawo da fitsarin kwance bayan wata shida a bushe, ko yana minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi, a ga likita. Abin da zai fara dubawa shi ne kashi da yadda yaron ke fitsari da rana. Bayan nan akwai hanyoyi biyu. Ɗaya ƙararrawa ce da ake maƙala wa kamfai, tana kaɗawa da ɗigon farko. A makonnin farko iyaye ne za su tashe shi idan ta yi ƙara, ya kashe ta da kansa ya je ya ƙarasa a banɗaki. Takan ɗauki wata biyu zuwa uku, ana ci gaba har sai ya yi dare 14 a jere a bushe, kuma ta fi aiki ga yaron da ya kai wajen shekara bakwai wanda shi da kansa yake son dainawa. Ɗayar kuma maganin desmofiresin ne, mai yin aikin sinadarin nan na dare, yana da saurin tasiri amma fitsarin kan dawo idan aka daina. Ƙa'idarsa mai tsauri ce: daga awa ɗaya kafin a sha zuwa awa takwas bayan an sha, ba a shan ruwa sai ɗan kurɓi, kuma ba a ba da shi a daren da yaro ke amai ko gudawa.